Da Ita Aka Haife Ta: Magana kan Siffar Mahaifa

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Romi da maƙwabta a Kaduna, Sabon Tasha, Unguwar Television, Gonin Gora, Kakuri, da duk wanda muryar nan ta iske a shago, ko a bakin murhu, ko cikin Keke Napep. Yau maganar mahaifa za mu yi. Iyayena mata, ku gafarce ni idan na faɗi a fili abin da aka saba faɗa a ɗaki. Kai kuma maigida, kar ka murɗa rediyon ka ce wannan ta mata ce. Rabin maganar taka ce.

Akwai matar da za ta je asibiti a yi mata hoto, likita ya dubi takardar ya ce mata, "Mahaifarki biyu ce." Wata a ce mata akwai shamaki a tsakiyar tata. Wata kuma a ce rabi gare ta. Likita yana sauri, layi ya yi tsawo a waje, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Kafin ta sauka daga mota a Romi, zuciyarta ta riga ta yanke mata hukunci cewa ita ba cikakkiyar mace ba ce. Idan maganar ta fita, sai kowa ya kawo nasa. Wannan ta ce maganin tazarar haihuwa ne ya lalata ta, waccan ta ce hannun kishiya ne, wani ya ce namijin dare ne, wani ya ce alhakin abin da ta yi tana budurwa ne. Duk cikin waɗannan babu gaskiya ko ɗaya, kuma dalilin da ya sa na faɗi haka da ƙarfi yana cikin yadda Allah yake ƙera mahaifa tun farko.

Lokacin da 'ya mace take cikin uwarta, wajen mako na 6 da shigar ciki, ba ta da mahaifa tukuna. Abin da take da shi 'yan bututu ne guda biyu, sirara ƙwarai, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wani masani Bajamushe, Johannes Müller, shi ya yi bayaninsu a shekarar 1830, har yau likitoci da sunansa suke kiransu. Bututun nan suna gangarowa su haɗu a tsakiya. Samansu ba ya haɗewa, shi ne yake zama hanyoyin nan biyu da ƙwan mace ke bi. Ƙasansu kuwa yana mannewa ya zama mahaifa, da bakin mahaifa, da sashen sama na gaban mace. Ku ɗauka magini ne ya tayar da ɗakuna biyu a jere, bango ɗaya ya raba su, da niyyar in ya gama ya rushe bangon su koma falo guda. Wajen mako na 12 ɗakunan sun haɗu. Kafin mako na 20 bangon ya narke. To, wani lokaci bangon ba ya narkewa, ko ya narke rabi. Wani lokaci ɗakunan ba sa mannewa sosai. Wani lokaci ɗaki ɗaya ne kawai ya tashi, wani lokaci kuma babu wanda ya tashi.

Ku lura da lokacin. Duk wannan ya faru ya ƙare tun mahaifiyar matar tana da cikinta wata biyar. Ba ta sha nono ba, balle ta sha ƙwayar tazara. Ba ta san namiji ba, ba a yi mata kishiya ba. Matar da ake zagi yau tana da shekara 28, abin da ake zaginta a kai ya girme ta da wata huɗu. Mahaifiyarta ma ba ta da laifi, ba wani abinci ta ci ba, ba wata hanya ta tsallaka da dare ba. Akwai dai wani magani da aka tabbatar ya taɓa jawo irin wannan, wanda ake kira DES, da aka riƙa ba masu ciki a Amurka da Turai tun shekarun 1940 wai don hana ɓari, sai wasu daga cikin 'ya'yansu mata suka taso da matsattsiyar mahaifa. A 1971 hukumomin Amurka suka hana ba masu ciki shi.

Kar kuma a haɗa wannan da ƙarin nan da ke tsirowa a mahaifa, wanda ake ce wa fayiburoid. Shi daga baya yake fitowa, mace tana da girmanta. Haka nan mahaifar da aka ce ta jingina baya. Kusan mace 1 cikin 5 haka tata take, kuma lafiyarta ƙalau, tana haihuwa. Na tsaya a kan wannan ne domin masu tallar magani da lasifika a kasuwa sun mayar da shi hanyar ci. Sai ka ji ana cewa mahaifa ta karkace, zo a gyara miki. Ba jiƙon da ke motsa mahaifa daga inda take.

Shin abin yana da yawa? Ya fi yadda ake zato. A 2011 wasu masu bincike a Ingila suka tattara nazari 94 da aka yi a ƙasashe daban-daban, kan mata kusan 90,000. Suka samu cewa a cikin mata gaba ɗaya, kusan kashi 5.5 cikin 100 suna da wani bambanci a siffar mahaifa. Wato idan mata 100 suka taru a zumuntar mata ranar taro, ko a makarantar Islamiyya, akwai 5 ko 6 a cikinsu, kuma galibinsu da goyo a baya, ba su ma san da zancen ba. Mafi yawan waɗannan ɗan lotsawa ne kawai a rufin mahaifa, wanda likitoci da dama yanzu ba sa ma lissafa shi cikin cuta. Amma da aka duba matan da suka sha yin ɓari, sai adadin ya haura kashi 13. A cikin waɗanda suka haɗa ɓari da jinkirin samun ciki, ya kusa 1 cikin 4. Don haka yawancin masu wannan halitta ba abin da zai same su. Kaɗan ne za su sha wuya, kuma su ne dalilin shirin nan.

Bari mu fara da 'yan mata, domin su ne ba su da bakin magana.

Yarinya ce 'yar shekara 14, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ƙirji ya fito, tsawo ya zo, ƙawayenta duk sun fara al'ada, ita shiru. Amma duk wata sai ta yi kwana uku ko huɗu tana murƙususu, ta dafe mara, ta kasa zuwa makaranta. A je kemis a sayo maganin ciwo, ya lafa, wata ya zagayo ya dawo, kuma kowane zuwa ya fi na baya. Sannu a hankali marar ta fara tasowa. Wata rana fitsari ma ya ƙi fita. Uwa ta dubi cikin nan da ya ɗago, ta tuna yarinya ba ta ganin jini, sai gabanta ya faɗi. A rufe ɗaki, a tsare ta da tambaya, waye ya yi miki? Wata har duka za ta sha. Alhali yarinyar nan al'adarta tana zuwa duk wata, hanyar fita ce babu. Ko dai fatar budurci ce ta zo a rufe ruf, ko wani shamaki ya gitta a hanyar, jinin yana taruwa a ciki wata da watanni. Idan fatar ce, ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta da ido za ta gane, za ta ga wurin ya kumburo ya yi shuɗi-shuɗi. Aikinsa a asibiti ɗan ƙarami ne. A sa mata maganin barci ko na kashe zafi, a buɗe da kayan aiki masu tsabta, baƙin jini mai kauri ya fita, ciwo ya tafi. Idan aka bari ya daɗe kuwa, jinin yakan koma baya ya cika mahaifa da hanyoyin ƙwai, ya ɓata su, abin da zai dame ta ranar da take neman haihuwa.

Akwai wanda ya fi wannan ɓuya. Yarinya tana da mahaifa biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya a toshe. Tana ganin jininta duk wata, saboda haka ba wanda zai yi tunanin toshewa. Sai dai ciwon mara na fitar hankali, sau da yawa a gefe guda. A ce mata ai haka kowace mace take ji, in kin yi aure zai daina. Mama, ciwon al'adar da ke kwantar da yarinya duk wata, yana ƙaruwa, magani ba ya jin sa, a kai ta a yi mata hoton mara. Kuma a roƙi mai hoton ya leƙa ƙoda. Ƙoda da mahaifa tare suke tasowa a cikin uwa, shi ya sa mai irin wannan halitta sau da yawa ƙodarta ɗaya ce, ta ɓangaren da ya toshe babu. Mutum yana rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, amma gara ya san da haka, ya daina shan maganin ciwo barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Sai kuma wadda aka haifa babu mahaifar sam, ko ɗan guntu ne da ba ya aiki, hanyar gabanta kuma gajeriya ce ƙwarai. Ana samun wannan a kusan 'ya mace 1 cikin 4,500 zuwa 5,000. Ita ba ta ciwon wata-wata. Komai nata na mace ne, murya, ƙirji, ƙira, sha'awa, domin gidan ƙwai ta wata hanya dabam yake tasowa, kuma nata yana nan yana aiki. Al'ada ce dai ba ta zuwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi mai sauƙin riƙewa ce. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba, ko ta yi shekara 3 da fitowar nono ba ta fara ba, a kai ta asibiti. Ba a jira aure ya buɗe. Sau nawa ake ɗaura aure, a kai amarya, kwana bakwai ba a cika ba ango ya aika gidansu cewa ba hanya?

A nan nake so kowa ya buɗe kunne. Idan aka ce ba hanya, ko al'ada ta ƙi zuwa, ko ciki ya ƙi shiga, a wurare da yawa a ƙasar Hausa abin da ake cewa shi ne gishiri ne ya tare, a kira wanzami ko ungozoma. A kwantar da yarinya, a danne ta, a sa aska ko reza a tsaga. Wanzami ba mugu ba ne, abin da ya gada yake yi, kuma da niyyar taimako ya zo. Amma ba ya ganin abin da ke bayan fatar da yake yanka. Ta gaba mafitsara ce, ta baya dubura ce, kuma a jikin yarinyar da aka haifa ba hanya, tsakanin waɗannan biyun ɗan siririn nama ne kawai. Aska tana shiga, mafitsara take samu. Yarinyar da ta kwanta da matsala ɗaya sai ta tashi da biyu, ga rashin hanya ga yoyon fitsari. Likitocin asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi shekaru masu yawa yana ɗinke masu yoyon fitsari tun shekarun 1980, sun ga irin waɗannan ba adadi. A jiharmu ta Kaduna ma akwai sashen masu yoyon fitsari a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yankan gishiri cikin nau'o'in kaciyar mata, kuma dokar tarayya ta 2015 ta haramta kaciyar mata.

Kar mutanen Romi su ce ai mu ba mu da wanzami a unguwa. Abin da aska ke yi, shi cushe-cushe ke yi. Kanwa, alif, dakakken ganye, ƙullin magani da ake sayarwa a leda a ce a matsa, duk suna iya ƙona wurin, ya warke da tabo, ya manne. Mace ta je da hanya ƙarama ta dawo babu ko ƙaramar.

Alhali maganin asibiti na wadda aka haifa ba hanya bai ma cika buƙatar wuƙa ba. Akwai wasu 'yan sanduna masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, da likita zai koya wa budurwa yadda za ta riƙa amfani da su da kanta, mintoci kaɗan kullum, na tsawon watanni. Tun 1938 aka san wannan dabara, kuma 9 cikin 10 na waɗanda suka dage suna samun hanyar da ta isa zaman aure. Wadda hakan bai yi mata ba, akwai tiyata. Ga musulmi masu sauraro, malaman fikihun Malikiyya sun daɗe da sanin toshewar gaban mace, kuma sun yi maganar a ba ta lokaci ta nemi magani. Ba a ce a kore ta da akwatinta cikin dare ba.

Ba zan ɓoye muku abu mai ɗaci ba. Wadda aka haifa babu mahaifa ba za ta ɗauki ciki ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinta ya ce zai tsirar mata da mahaifa, cutarta ya yi. Gaskiya ne an fara dashen mahaifa a duniya. A Jidda aka fara gwadawa a shekarar 2000, bai ɗore ba. A 2014 wata mata a Suwidin, wadda aka haifa ba mahaifa, ta haifi ɗa namiji da mahaifar da aka dasa mata. Amma har yanzu aiki ne na tsirarun cibiyoyi, mai tsada da haɗari. Batun a ɗauki ƙwanta wata ta raini cikin kuwa, malaman addini suna da magana a kai, kowa ya tambayi nasa. Abin da ke hannunmu, wanda kakanninmu suka sani, shi ne riƙo. Gidaje nawa ne a Kaduna da wadda ake kira Mama ba ita ta haifa ba, kuma ba wanda ya isa ya raba ta da 'ya'yan nan? Yarinyar da aka gaya wa wannan labari tana da shekara 16 tana buƙatar uwa da za ta rungume ta, da uba da zai rufa mata asiri, da fasto ko malam da ba zai tsayar da ita gaban jama'a a ce za a cire mata aljani ba. Addu'a muna yi, kuma ba za mu daina ba. Amma a yi ta a inda ba za ta tozarta yarinya ba.

(Kiɗa)

Masu sauraro, muna tare, kuma maganar siffar mahaifa muke yi. Yanzu sai matan aure.

Ɓari ɗaya ba alamar komai ba ne. Kusan ciki 1 cikin 7 da aka san da shigarsa yakan zube, yawanci a watanni ukun farko, kuma kusan rabin waɗannan daga ɗan tayin ne kansa, bai haɗu daidai ba tun ranar farko. Zazzaɓin cizon sauro yana zubar da ciki, ciwon suga da ba a kula da shi ba yana zubarwa, ciwon maƙoƙo ma haka. Amma idan ɓari ya zo sau biyu ko uku a jere, ko ciki yana kaiwa wata huɗu ko biyar ya fita, ko kullum bakwaini ake haifa, ko kowane ciki sai a ce ɗa ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa, to lokaci ya yi da za a dubi ɗakin da yake kwana.

Mai shamaki a tsakiya ita ta fi fama da ɓari. Ta waje mahaifarta daidai take, ta ciki ne aka raba. Bayanin da likitoci suka daɗe suna yi shi ne naman shamakin ba ya samun jini sosai, idan ɗan tayi ya manne a jikinsa sai ya rasa abin da zai rayu da shi. Mai ƙaho biyu, wadda samanta ya rabu ya yi siffar zuciya, ita matsalarta ta fi zuwa a ƙarshe, wuri ya yi wa ɗa kaɗan, ya kasa juyowa da kai, ko naƙuda ta taso kafin lokaci. Mai mahaifa biyu cur, kowace da bakinta, sau da yawa tana haihuwarta lafiya, wani lokaci sai a ɗakin tiyata ake ganewa. A watan Disamba na 2023 wata mata a jihar Alabama ta Amurka ta haifi 'ya'ya mata biyu, kowace daga mahaifa guda, ɗaya yau ɗaya gobe. Abu biyu mai irin wannan za ta riƙe. Idan za a yi mata gwajin kansar bakin mahaifa, a duba bakin duka biyun. Idan kuma robar tazara za a sa mata a mahaifa, ta faɗa wa ma'aikaciya, domin robar da ke ɗaki ɗaya ba ta tsare ɗayan.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai rabin mahaifa da ɗan ƙaho a gefe. Ɓangare ɗaya ya girma, ɗayan ya tsaya ƙarami, sau da yawa ba shi da ƙofa zuwa waje. Ba kasafai ba, amma yakan faru ciki ya je ya zauna a cikin ƙaramin. Gwaji zai nuna ciki, laulayi zai zo, ciki zai fara tasowa, kowa na murna. Wajen wata huɗu zuwa biyar ƙahon ya kai iyakarsa ya fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Maigida, wannan naka ne. Mai ciki ta ce cikinta ya murɗa farat ɗaya, jiri ya ɗebe ta, gumi mai sanyi ya karyo, tafin hannu da cikin ido suka yi fari, ko ta ce kafaɗarta na ciwo, ko ta suma, kar ka tsaya neman jini a zane, kar ka tsaya shafa mata mai, kar ka ce bari gari ya waye. Nemi mota. Ku nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, kuma ka tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake son a fara awo da wuri, a yi hoton farko tun ciki yana wata biyu ko uku, lokacin da ake iya ganin inda ya zauna.

To, ta yaya ake ganewa? Hausawa suka ce gani ya kori ji. Matakin farko shi ne sikanin na mara, wanda ake yi ko'ina. Yana nuna alama, amma yana iya kuskure, musamman idan ciki ya tsufa. Na biyu shi ne hoton da likitoci ke kira HSG, wanda mata da yawa ke tsoro saboda labarin da suka ji. Ana yin sa ne bayan al'ada ta ɗauke, wajen kwana na 7 zuwa na 10 daga ranar da ta fara, don a tabbatar ba ciki. Za ki kwanta a gadon hoto, a sa wani siririn bututu a bakin mahaifa, a tura wani ruwa a hankali. A allon za a ga ruwan ya cika mahaifa ya zana siffarta fari tas, sannan ya bi hanyoyin ƙwai ya zube. Za ki ji mara ta murɗa irin ta al'ada, wata ta ji sosai, wata kaɗan, cikin mintoci an gama. Ki tambayi likita maganin ciwon da za ki sha kafin ki je, ki tafi da audugar mata, kuma ki samu mai raka ki.

Sai dai hoton nan cikin mahaifa kawai yake nunawa, ba ya nuna bayanta. Mai shamaki da mai ƙaho biyu suna iya fitowa iri ɗaya a jikinsa, alhali maganinsu ya sha bamban. Shamaki ana iya yanke shi da na'ura mai kyamara da ake shigarwa ta bakin mahaifa, ba tare da an tsaga ciki ba. Mai ƙaho biyu kuwa idan aka yi mata wannan yankan, ana iya huda mahaifar, kuma galibi ita ba ta ma buƙatar tiyata. Saboda haka kafin kowa ya taɓa ki, sai an tabbatar da sikanin mai nuna siffa ta kowane ɓangare, wanda ake kira 3D, ko hoton MRI, ko a leƙa da kyamara.

Ko shamakin ma, ba kowanne ake yankewa ba. An yi shekaru ana ɗauka cewa da an yanke an gama. Sai a 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da likitocin Holan suka jagoranta, kan mata 80 masu shamaki. Aka yi wa rabi aiki, aka bar rabi. Waɗanda suka haihu a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Mata 80 ba su da yawa, kuma har yanzu likitoci na muhawara, akwai masu ganin aikin yana taimakon wadda ta yi ta ɓari. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, 'yar'uwa, kina da haƙƙin tambaya. Wane iri ne nawa? Da wane hoto aka tabbatar? Idan ban yi aikin ba me zai faru? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan. Wanda ya ga hoto ɗaya ya ce kawo kuɗi gobe a shiga da ke, ki nemi ra'ayin wani likitan kafin ki sayar da filinki.

Ga yawancin mata, maganin shi ne kulawa. Awo a kan kari, a asibitin da ke da likitan mata. A riƙa auna tsawon bakin mahaifa, idan aka ga yana gajarcewa ko yana buɗewa da wuri, akwai magani, akwai kuma ɗaurin mahaifa da akan yi wa wasu wajen mako na 12 zuwa 14, a kwance idan haihuwa ta kusa. Haihuwa kuma a asibiti, ba a gida ba. Idan aka ce ɗa yana gicciye sai an yi aiki, kar a kai ta wurin mai murza ciki ya juya shi da ƙarfi. Kuma uwar miji, don Allah, kar ki ce ragwanta ce, ke kin haifi tara a ɗaki. Da siffar da aka halicce ki kika haihu, ita ma da tata take fama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ina za a je? A fara da asibitin da ya fi kusa, a nemi takardar turawa. A wannan ɓangaren kogin Kaduna akwai babban asibitin Sabon Tasha, akwai na Gwamna Awan da na Saint Gerard a Kakuri. A tsallaken gada akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da asibitin sojoji na 44. Abin da ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Ranar zuwa, ki haɗa duk tsofaffin takardunki da hotuna a leda ɗaya, ko sun yi shekaru. Ki rubuta, ko ki sa a rubuta miki, ciki nawa kika yi, kowanne wata nawa ya kai, an yi miki wankin ciki ko ba a yi ba. Idan an taɓa yi miki yanka a gida ko kin taɓa cusa wani abu, ki faɗa, ba don a yi miki faɗa ba ne, likita yana buƙatar sanin abin da zai tarar. Maigida kuma ya biyo ki, domin idan haihuwa ake nema shi ma akwai gwajin da za a yi masa, kuma nasa ya fi sauƙi da araha.

Lokaci ya cim mana. Mai tambayar da kunya ta hana ta yi a fili, ta aiko ba sai ta sa suna ba, za mu miƙa wa likitan mata mu karanto amsa a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. Mu kwana nan.